Makunni Biyu a Bayan Ƙofa

Shida da rabi na sauka daga keke a Rayfield,
bakina na fitar da hayaƙi,
ni da ban taɓa riƙe karan taba ba.
Baba Dung na bakin get da kaskon gawayinsa.
Ya ce, "Larai, miƙo hannu tukuna."
Na miƙa. Minti biyu.
Rabona da wuta ke nan a yau.

A falo ɗumi bai gama fita ba,
ya yi saura kamar ƙamshin miyar da aka shanye ba da kai ba.
Hajiya Saude ta rataya jaka, ta ɗauki makullin mota,
ta tsaya bayan ƙofa ta danna makunni biyu,
na hita, da na ruwan zafi.
Ƙas. Ƙas.
"Katin wuta ba ya auki yanzu," in ji ta,
ba da faɗa ba, har da murmushi.
Kuma da gaskiyarta. Ni ma da mita a ɗakina a Gangare,
na san yadda lamba ke gudu
kamar ɓarawon da ya ji ihu.

Sai ni da tayil.
Tayil ɗin Jos a watan Janairu ba ƙasa ba ne,
ƙanƙara ce da aka yi wa ado.
Na cire takalmi, don dokar gida ce.
Ruwan tankin da ya kwana a sama yana hira da taurari
ya sauko famfo ya cije ni a yatsu.
Fata ta tsage,
omo ya samu wurin shiga.

Ba ni da ƙorafi a kan albashi,
ranar ashirin da takwas yake zuwa, bai taɓa latti ba.
Da salla an ba ni atamfa.
Amma atamfa na cikin akwati,
hannuna kuwa na cikin bokiti.

Kyanwar gidan tana da bargo, mai zanen kifi.
Ban ji haushinta ba.
Wani lokaci nakan cusa tafina ƙarƙashin cikinta,
ta buɗe ido ɗaya ta ƙyale ni.
Mu biyu mun san sirrin juna.

Ina goge madubi ina tambayar wadda ke ciki:
wanda ya sayi awa biyar na ranarki,
ya sayi jinin yatsunki ne a ciki?
In an kira magini, ai akan ba shi tsani.
In an kira mai wanki da sanyin asuba,
ruwan ɗumi alfarma ne, ko kayan aiki?
Ta cikin madubin ba ta amsa ba.
Leɓenta ya bushe.

Ranar Laraba Hajiya ta dawo, ta manta takarda.
Na miƙa mata, yatsunmu suka haɗu.
Ta zabura kamar ta taɓa kifi a firji.
"Larai! Ba ki da lafiya ne?"
Na ce, "Lafiya lau. Ruwan ne."
Ta dubi bokiti, ta dube ni, ta dubi agogo.
Mota na jira a kunne.

Washegari na tarar da safar hannu ta roba a kan sinki,
ruwan ɗorawa, sabuwa fil, ta yi mini yawa.
Na gode har zuciya.
Sanyi dai bai san roba ba, ya shiga abinsa.

Yau Juma'a, na riga ta zuwa bayan ƙofa.
Ban taɓa komai ba, tsayawa kawai na yi,
tsintsiya a hannu, gabana na faɗuwa.
Na ce, "Hajiya, na hita ki kashe, zan sa suwaita biyu.
Ɗayan nan, na ruwa,
awa ɗaya kawai."

Yatsanta na kan makunnin.
A waje, Baba Dung ya riga ya buɗe get,
yana hura gawayinsa.